Kada a Shafe Bangon Nan Sai An Bar wa Waya Hanya

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Balki, da fatan takardar nan ta iske ku lafiya kamar yadda ta baro ni a Dutsi. Allah Ya tsare ku a Tibiri, Ya sa ku shiga sabon gidan nan da ƙafar dama, Ya kiyaye ku daga sharrin mutum da na aljan, da na magini mai gaggawa. Amin.

Kada ka nemi labarin gida a nan, kowa lafiya lau. Abin da ya sa na ɗauki bik ɗin rubutu da takarda, ni da rabona da dogon rubutu har na manta, shi ne sau uku ina kiran ka kan magana guda, sau uku kana ce mini, "To Inna, to Inna, na ji," ina jin ƙarar babur ɗinka a bayan muryarka. Ni na haife ka. Na san "to" ɗinka ta ji, na san "to" ɗinka ta a rabu da tsohuwa. To ga takarda, ita ba a kashe ta, kuma ba za ka ce rezon waya ya ɗauke ba.

Balki ta faɗa mini ranar Alhamis Ɗan Jimma magini zai fara shafe bangon gidanka da siminti. Ka tsayar da shi. Ko ya riga ya kwaɓa, ka ce ya yi daɓen ƙofar gida da shi. Kada cokalin gini ya taɓa bangon nan sai ka karanta takardar nan har ƙarshe, don abin da ka rufe ranar Alhamis ba za ka ƙara ganin shi ba sai da guduma.

Ka tuna ranar da ka kai ni ganin ginin? Kana gaba kana nuna mini falo da taga da inda za a sa talabijin, kana ta faɗin rai kamar kai ka fara aza biriki a duniya. Ni kuwa idona na kan bango. Na ga an tsaga ɗan layi a jikin biriki, an kwantar da wayar intanet ƴar toka a ciki tsirara, an danne ta da ƙusa. Guda ɗaya tal, daga ƙofa zuwa falo. Ɗakin kwananku babu, ɗakin yara babu, ɗakin nan na baya da ka ce na ajiya ne babu. Na tambaye ka ina tiyon da za ta bi, ina wayar sauran ɗakunan, ka yi dariya ka ce, "Haba Inna, wifi ya isa. Zamanin waya ya wuce." Ni ka faɗa wa haka! Ni da na yi shekaru ina cin abinci a jikin waya a zauren gidanmu, tun ana shiga ɗan akwati a buga tarho a telesantar har na mai da wurin sibar, mutane na zuwa su zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, su shiga intanet. A bayana na goye ka ina wannan aikin. Ɗan Jimma ma har da sa baki, wai, "Hajiya, tiyo ai na ruwa ne." Na ƙyale shi don a gaban ma'aikatanka ne, ba don na rasa abin cewa ba.

Ban rubuto don in nuna maka na fi ka ilimi ba. Kai ka yi karatun likitan dabbobi a Yamai, ni ajin ƙarshe na firamare na tsaya. Na rubuto ne don duk wautar da kake shirin yi, na riga ka yin ta, kuma na yi ta da kyau.

Maganar da Ɗan Jimma ya faɗa, daga bakina ta fara fita. Lokacin da na buɗe sibar, babanku, Allah Ya jiƙan shi, yana koyarwa a lakwal, makarantar boko, ya ce hayaniyar zaure ta ishe shi, a ja mishi waya zuwa ɗakinshi na can ƙuryar gida ya riƙa shirya darasi a natse. Ka san gidanmu, ginin ƙasa ne na kakanka, bango mai kauri, daga zaure zuwa ɗakin Malam sai ka wuce bango uku. Mutumin da ya zo jan wayar ya ce, "Hajiya, a sa ta cikin tiyo." Na ce, "Tiyo kuma? Ruwa za ta kai?" Har na yi dariyar kaina, ina ganin na yi magana. Bawan Allah ya ɗaga kafaɗa, ya bi bango da ita yana buga ƙusa, ya huda inda zai huda, ya tafi.

Ba a jima ba damina ta matso, ƴan'uwan babanku na Kiéché suka zo gayyar yaɓe kamar yadda suka saba kowace shekara. Ina zaure da masu shiga intanet, su suna ciki suna kwaɓa ƙasa da ciyawa. Da azahar baffanku babba ya leƙo yana share gumi, ya ce, "Matar yaya, mun ga wata igiya kwance a bango, mun rufe miki ita kada rana ta cinye ta." Ka san abin da na yi? Godiya na yi. Har na ƙara musu nono a fura. Shekara ta zagayo suka ƙara wani yaɓen a kai, wata ta zo suka ƙara. Kafin in farga, babu mai iya nuna maka da yatsa ya ce ga inda wayar ta bi, har ni da aka ja ta a gabana. Su ba su yi laifi ba, kyautatawa suka yi. Ni ce ban tsaya na tambayi kaina ba: ranar da wayar nan za ta gaza, ta ina zan fitar da ita?

To kai naka ya fi nawa muni, don ni ƙasa ce ta rufe tawa, kai siminti za ka zuba. Saboda haka ka sa a faɗaɗa tsagar nan, a kwantar da tiyo, waya ta bi ta ciki. Kuma ba ɗan siririn tiyon da waya ɗaya za ta cika ba. Ka nemi mai faɗi, wanda in an zura waya biyu za a ga sauran fili. Inda zai juya kwana, a lanƙwasa shi a hankali, kada a karya shi kamar gwiwar hannu, don waya ba ta son a naɗe ta da ƙarfi, kuma wadda za a zura nan gaba a nan za ta maƙale. Cikin kowane tiyo a bar igiya mai ƙarfi kwance daga wannan baki zuwa wancan. Ranar da wayar yau ta tsufa, sai a ɗaura sabuwa a igiya a ja, a bar wata igiyar a madadinta, babu guduma, babu ƙura, babu roƙon magini. Na san za ka ce wace waya ce ke tsufa a cikin bango inda ba rana ba ruwa. Ba ruɓewa take yi ba, Auta. Kaya ake ƙara mata kowace shekara har ta kasa ɗauka.

Bakin tiyon da ba a sa mishi komai ba tukuna, a toshe shi. In ka bar shi a buɗe, zanzaro zai rigaye ka tarewa, ya yi gininshi na laka a ciki, kuma shi ba ya neman izini. Sannan kafin a shafe, ka bi kowane bango ka ɗauke shi hoto da wayar hannun nan taka da ba ta da aiki sai ɗaukar shanun mutane. Wata rana Balki za ta so buga ƙusa ta rataya madubi, gara a san inda tiyo ya bi.

Wautata ta biyu, ga ta nan a cikin ambulan, na naɗe maka ita a tsumma. Guntun wayar da na ja wa babanku ne. Ka feɗe rigarta, ka zaro siririn zare ɗaya, ka kankare shi da wuƙa. Za ka ga sama ja, ciki fari fat. Alminiyam ne irin na tukunya, aka shafa mishi jan ƙarfe a baya don ido. A wurin wani mai tebur na saye ta a kasuwa, kwalinta da rubutu rangaɗaɗau, ya rantse mini har da dafa ƙirji. Mai jan wayar ya ɗaga ta a hannu ya ce ta cika sauƙi, bai yarda da ita ba. Na ce mishi waya waya ce, nauyinta zan ci? Araha na gani, na manta araha ba ta ado. Irin wannan wayar tana aiki da fari, ta yaudare ka. Daga baya sai bakinta ya riƙa sakewa, in tafiya ta yi nisa saƙo ya raunana, in ka lanƙwasa ta sau biyu ta karye. Na sha zagin masu shiga sibar a kanta, suna cewa intanet ɗin Hajiya ya fi jakin kaya nawa, ni kuma ina ɗora laifi kan rezo da zafi da iska, komai dai ban da ni.

Wadda na gani a bangonka, na rantse ƙanwar wannan ce. Na taɓa ta lokacin da ka juya kana magana da Ɗan Jimma. Ka cire ta. In ka je saye, ka tafi da wuƙarka, ka ce a yanko maka ɗan guntu ka kankare a gaban mai kaya. In ya ɓata rai, ka san amsa, ka yi gaba. Jan ƙarfe zalla kake nema, ja ciki ja waje, zare takwas a murɗe bibbiyu. Ka ƙirga su, don akwai mai zuwa da huɗu a cikin riga mai kauri.

Kuma ka karanta lambar da ke rubuce a jikin rigar. Tawa biyar ce, a lokacin ana ganin ta isa har jikoki. Yau ko kyauta aka ba ka biyar kada ka sa ta a bango. Kada ka sauka ƙasa da shida. In da hali ka ɗauki shida mai harafin A a gaba, ita ce ke riƙe kaya mai nauyi ba ta gaji ba ko da tafiyar ta yi tsawo, muddin ba a wuce mita ɗari ba, gidanka kuwa bai kai nan ba ko kusa. Ta fi kauri, ta fi taurin kai wurin lanƙwasa, shi ya sa na ce maka tiyo mai faɗi. Na san intanet ɗin da ke zuwa Tibiri yau bai kai ya cika ko rabin wannan wayar ba, ba sai ka faɗa mini ba. Amma gidan na bana kaɗai ka gina? Akwatin intanet ana canja shi da hannu ɗaya ana shan shayi da ɗayan. Abin da ke cikin bango shi ne ba a canjawa cikin sauƙi, don haka shi ake wa tanadin gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga kalmar nan taka da ta fi ƙona mini rai: "ya isa." Wayyo ni, sau nawa na faɗe ta! Da na fara sibar, rubutu kawai mutane ke aikawa, ɗan saƙo zuwa ga ɗan'uwa a Kwatano ko Agadas. Na ce waya ɗaya ta isa. Sai aka fara hotuna. Na ce har yanzu da sauƙi. Sai waƙa da wa'azi, sai bidiyo, sai kowa na son ya ga fuskar wanda yake magana da shi. Sai ga kowane mai shigowa da tashi wayar a aljihu yana cewa a ba shi lambar wifi. Ban taɓa ganin shekarar da mutane suka ce a rage musu ba.

Ku biyu ne yau, kai da Balki, shi ya sa kake ganin ya isa. Ita ɗinki take yi, masu kawo mata aiki da hoto da bidiyo suke nuna mata abin da suke so. Kai kana aika rahoton aikinka Dosso. In Allah Ya kawo ƴaƴa, karatunsu ma ta nan zai bi, tun yanzu ka ga yadda yaran unguwa suke. Kuma kada ka manta kai ɗan gidan wa ne. Gidan ɗan Malam a bakin hanya? Dangin Balki na Guéchémé za su sauka, namu na Kiéché za su sauka, Filanin da kake duba wa shanu in kasuwa ta yi musu yamma nan za su kwana, kowa da waya a hannu, wani da biyu. Gidan Bahaushe ba ya tsayawa yadda aka zana shi. Na ga filin da ka bari ta gabas, na san ɗakuna za su tsiro a wurin, to a kai bakin tiyo ɗaya har can a toshe, ya jira su.

Wifin da kake taƙama da shi kuma, ka ɗauka daga sama yake saukowa? Akwatin da ke ba da shi, waya ce a bayanshi. Ka ajiye guda a falo, ka rufe ƙofar ƙarfe, ga biriki, ga rodi, ga kwano a sama, ka je ɗakin ƙarshe ka gani ko zai bi ka. In kana son wifi ya kai ko'ina, to kowane ɓangare sai an ba shi ɗan akwatinshi, kowane akwati kuma sai da wayarshi. Don haka kowane ɗaki a kai mishi waya biyu, ko ɗaya ta zauna ba aiki. Dukansu su taru wuri guda, sama inda hannun yaro ba ya kaiwa kuma iska na shiga, ba bayan firiji ba kamar yadda na yi har akwatina ya gasu. Kowace waya a rubuta mata sunan ɗakinta a baki biyun. Ni ban rubuta ba, in abu ya lalace sai in riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya ina ihu, "Ta wa ta ɗauke?" mutane na dariya.

Kada ka bari Ɗan Jimma ya cusa ta tiyo ɗaya da wayar wuta don ya rage wa kanshi tsaga. Ba sa zama tare, kowace da hanyarta, da ɗan tazara a tsakani. Zaurenka kuma da ke ware daga gidan, kada a ratsa tsakar gida da wayar ɗaki. Akwai baƙa mai riga ta waje, a binne ta cikin tiyo. In ka sami mai iya aikin, wannan ta gilashin da kuke ce wa fibir ta fi, don ita wuta ba ta bin ta, ka san yadda tsawa take a ƙasar nan. Kuma kafin a shafe ko taki ɗaya, a gwada kowace waya a gabanka a ga tana aiki. A gabanka na ce, ba a gaban Ɗan Jimma ba.

Na san kana karantawa kana cewa tsohuwar nan ta cika fitina a kan igiyar roba. To bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba, don lokacin kana Yamai kana jarrabawa, muka ɓoye maka.

Ka san shekarar da jikin babanku ya shanye, ya kwanta a ɗakin nan na ƙurya. Ka san kuma a daminar ce yayarka ta haihu a Kwatano, bayan shekarun da ta yi tana jira har mutane sun fara magana. Namiji, aka sa mishi sunan Malam. Tana jego, ba halin ta kamo doguwar hanya da jariri. Malam kuma ba ya tashi. Abu ɗaya ya roƙa: ya ga takwaranshi.

Rezon wayar hannu ba ya shiga ɗakin, kai ma ka sani, sai an fito tsakar gida an ɗaga hannu. Sai na kai ordinatar gefen gadonshi, na haɗa da tsohuwar wayar nan ta cikin bango. Murya ta zo, a yanke a yanke amma ta zo. Hoto kuwa ya tsaya cik. Yayarka na cewa, "Baba, ga shi, ka gan shi?" Malam ya ƙura ido ya ce, "Ku ce ta ɗaga shi da kyau, kunne kaɗai nake gani." Ta ɗaga shi da kyau, Auta. Laifin yana cikin bangona. Muka karɓi hotuna a zaure da ɗan bidiyon da ta ɗauka, na kai mishi. Ya kalla, ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi, ya ce, "Wannan na jiya ne. Ni so nake in kira sunan yanzu, in ga ya juyo."

Na ce to a ɗauko shi a kawo shi zaure inda intanet ke da ƙarfi. Ya ƙi. Mutumin da rabin garin nan suka zauna a ajinshi, ya ce ba za a ciccibo shi kamar buhun gero a wuce da shi gaban ɗalibanshi ba. Na ce zan kori kowa in rufe ƙofa. Ya ce masu ɗaukar fa, su ba ɗalibanshi ba ne? Ka san babanku in ya ce a'a.

Sai na yi dabara, irin dabarar da ke zuwa bayan lokacinta ya wuce. Na ce bari in ɗaura sabuwar waya a bakin tsohuwar, in ja ta ɗayan gefen, ta shigo da ita. Na ja. Waya mai yaɓen shekara da shekaru a kanta, ina za ta motsa? Na ƙara ƙarfi, sai ji na yi ɓas, guntu ya biyo hannuna. Shi ne wanda ke cikin tsumman nan. Daga ranar ko muryar ma babu. Na kira magini na ce ya fasa bango. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, bangon ƙasa a tsakiyar damina, da mara lafiya kwance a ciki? Ki nemi wani, ba ni ba." Gaskiyarshi ce. Na shimfiɗa wata wayar ta tsakar gida ta shiga ta ƙofa, kafin in je zaure in dawo akuya ta tauna ta. Na sake sayo wata na rataya ta sama a kan sanduna, hadari ya taso da la'asar ya kwashe su gaba ɗaya, ruwa ya cika ta. A nan ne na kira ka na ce ka sayo mini baƙar waya ta waje mai kyau ka ba mota. Ka ce, "Inna, me za ki yi da ita da gaggawa haka?" na ce aikin sibar ne. Ba ka yi jinkiri ba, kada ka ɗora wa kanka komai. Ta iso ranar addu'ar ukun Malam. Tana nan a ƙarƙashin gadona a naɗe yadda ka aiko ta, ban taɓa kwance ta ba.

Na san kwana ya ƙare ne, waya ba ta ƙara wa mutum rana ɗaya. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma abu ɗaya mutumin nan ya roƙa a kwancen shi, abin da tiyo da igiya za su ba shi cikin rabin yini, na kasa, saboda wata rana na tsaya a tsakar gida na ce, "Ruwa za ta kai?" na yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunyar kaina, kuma raina ya ɓaci. Shi ya sa da na ji ta daga bakin Ɗan Jimma, kai kuma kana taya shi, na rasa inda zan sa kaina.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ɗakin nan na baya. Ka ce mini na ajiya ne. Auta, ni za ka yi wa wayo? Ɗakin ajiya da taga mai kallon gabas? Ɗakin ajiya da aka sauke dokin ƙofarshi ƙasa don kada ƙafa ta yi tuntuɓe? Da ɗan wurin wanka a gefe, har da dakalin zama? Tun yaushe buhun gero ya fara alwala? Balki ba ta faɗa mini komai ba, kada ka tuhume ta, da na tambaye ta sunkuyar da kai kawai ta yi tana murmushi. Na san ɗakin wa kake ginawa. Na ji daɗi har na yi hawaye a mota, ban bari ka gani ba don kada kanka ya ƙara girma. Allah Ya yi maka albarka.

Ban ce zan zo ba. Ƙafata na ɗauka ta, gidan Malam kuma ba a bar shi ga ƙadangaru ba. Amma na ga yadda mutum ke kwanciya da lafiyarshi ya wayi gari ba ya iya kai kanshi ƙofa, kuma ni ma ba zan yarda a ciccibe ni zuwa falo gaban baƙinka ba, ka san wa na zauna da shi shekara da shekaru. Yayarka tana Kwatano, ba ta da niyyar dawowa. Takwaran Malam ya yi wayo, in na kira sunan ta waya yana juyowa. Ka yi mini taga, ka yi mini dakali, ka tuna da tuntuɓen ƙafata, sannan ka bar ɗakin ba waya.

Igiyar da na ƙunso maka tare da takardar nan ni na zaɓe ta da hannuna, na ja ta da ƙarfina ba ta tsinke ba. Ta ɗakin baya ce. Sauran ɗakunan ka nemi tasu.

Allah Ya tsare ka a hanyoyin dajin da kake bi, Ya kiyaye ka daga ƙahon sa da santsin damina. Allah Ya ba Balki lafiya, Ya cika gidan da zuriya mai albarka, Ya sa bangon da za ku shafe ya ga jikokinku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta. Ka gaida Ɗan Jimma, ka ce na ce tiyo ba na ruwa kaɗai ba ne, kuma in ya ji haushi ya zo Dutsi ya same ni.

In za a fitar da bakin tiyon a ɗakin, kada a kai shi can bayan ƙofa. A sa shi ta inda gado zai zauna, ƙasa kaɗan, daidai inda hannun mai kwance zai kai.

Ni ce,
Innarka